Yadda Muka Ƙwato Motar Kakanmu Daga Bakin Tsatsa

Duk ɗalibin da ya ɗan zauna a ajin kimiyya ya san gwajin ƙusoshi uku. Ƙusa ta farko a jefa ta cikin kwalba da ruwan famfo, a bar bakin a buɗe. Ta biyu a saka ta cikin ruwan da aka tafasa, a zuba mai a samansa don kada iska ta shiga. Ta uku a rufe ta cikin busasshiyar kwalba tare da sinadarin da ke shanye danshi. Bayan mako guda, ta farko kaɗai za a tarar ta yi ja. Amsar da ake nema a jarrabawa ita ce ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa. Maki biyu ne ko uku, a rubuta a wuce. To a gidanmu wannan 'yar amsar ta kusa cinye mota sukutum, ta kuma kusa haɗa mahaifinmu da ƙaninsa rigima.

Mu uku ne masu wannan rubutu, uwa ɗaya uba ɗaya: babbanmu yana aji biyar, mai bi masa yana aji huɗu, ƙanwarmu kuma tana aji uku. Motar da muke magana ta marigayi kakanmu ce, Volkswagen Kombi, irin wadda aka mayar da cikinta ɗaki. Akwai kujerar da ake miƙewa ta zama gado, da 'yar durowar katako, da wurin wanke hannu, da rufin da ake turawa sama ya buɗe da tamfol har mutum ya miƙe tsaye a ciki. Tun da muka yi wayo a wuri ɗaya muka san ta, ƙarƙashin darbejiya a bayan gida, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar direba.

Hajiya, kakarmu, ita ta ba mu labarin zuwanta. A ƙarshen shekarun 1970 wasu Jamusawa biyu suka tuƙo ta daga ƙasarsu, suka ratsa Sahara ta Tamanrasset, suka biyo Arlit da Agadas da Damagaram har Kano. A zamanin matasan Turai da yawa suna irin wannan tafiya, in kuɗin guzuri ya ƙare su sayar da motar su koma gida a jirgi. Kakanmu ɗan koli ne mai cin kasuwannin ƙauye, Wudil, Dambatta, Maigatari, sai ya ga ai ga shago ga ɗakin kwana a kan taya huɗu. Sitiyarinta ma a hagu yake, daidai da tsarin da Najeriya ta koma a 1972 lokacin da aka fara tuƙi a hannun dama. Ya more ta shekara da shekaru. Da injin ya buga, shi ma ƙarfi ya fara ƙarewa, aka tura ta gindin bishiya da niyyar za a gyara bayan salla. Sallar ke nan da ta kai shekara ashirin.

Mun bi diddigin irin motar, kuma abin da muka samu ya ƙara mana son ta. Wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan, Ben Pon, shi ya zana siffarta a takarda a 1947, aka fara ƙera ta a Jamus a 1950. Daga 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya riƙa karɓar su yana saka musu gado da durowa, kuma tambarinsa na nan a jikin tamu. Lamba ta uku a lambar shasi ita ke nuna shekarar samfuri, tamu 3 ce, wato 1973. Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. A Legas ma an buɗe masana'antar haɗa Volkswagen a 1975, kuma irin wannan mota ce asalin danfo da ake ji. Ƙasar Barazil ce ta ƙarshe da ta ci gaba da ƙera ta, sai a ƙarshen 2013 aka daina.

Duk wannan tarihi bai dami Baffa ba, kuma yana da hujja. Motar tana cikin gadon da ba a raba ba. Akwai haƙƙinsa a ciki, da na Baba, da na gwaggonninmu biyu, da na Hajiya. Wani ɗan gwangwan ya zo ya zagaya ta, ya ce ta haura tan ɗaya, ya yi tayi. Baffa ya ce a sayar kowa ya karɓi rabonsa, domin kowace damina nauyin raguwa yake, haƙƙin mutane na zuba ƙasa a matsayin jan gari. Baba shi kuma ba ya son a sayar, ba ya kuma son a taɓa. Da muka ce za mu gyara, cewa ya yi a bar kaza cikin gashinta. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta dubi babbanmu ta ce, “Kai angon nawa, in ka iya tayar da motar kishiyarka ka tayar, in ba ka iya ba ka daina cika mana baki.” Baffa ya gindaya sharaɗi: daga ɗaukewar ruwa zuwa faɗuwar ruwan farko na baɗi. Ranar da wa'adi ya cika zai sa jak a wuraren da kamfani ya tanada, ya ɗaga ta. In ta ɗagu, ƙofofi suka buɗe suka rufe, an fasa sayarwa. In jak ya huda ya shige ciki, a kira ɗan gwangwan. Bai ce komai a kan inji ko fenti ba.

Da ba don Kawu ba, da maganar ta mutu a nan. Ƙanin mahaifiyarmu ne, mai walda ne, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe yake yi. Ya yarda zai riƙa zuwa Asabar da Lahadi da yamma, bisa sharaɗin ba za mu kunna wuta ba sai yana tsaye, kuma duk wanda makinsa ya sauka a makaranta ya bar aikin.

Za ku ce yaya mota za ta ruɓe a Kano, inda ake wata bakwai ba ɗigon ruwa? Mu ma mun yi wannan tambaya, motar da kanta ta ba mu amsa. A Turai ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma ruwan gishiri yana hanzarta tsatsa ƙwarai, don haka da cutarta ta iso. Ranar Kano ta ƙona robobin gilashi suka tsattsage, ruwan sama ya riƙa silalowa ciki. Ganyen darbejiya ya cika magudanar da ke kewaye da rufi, ya zama taki mai riƙe danshi har tsakiyar rani. Batir ya tsiyayar da asid a kusurwar baya ta dama har farantin da yake zaune a kai ya ɓace. Ga kashin kaji, ga fitsarin awakin da ke fakewa a ƙarƙashi. Sannan ita tsatsa ba ta tsayawa. Alminiyam in ya haɗu da iska yakan yi wata siririyar fata mai tauri da ke kare na ciki. Ta ƙarfe kuwa kumbura take, ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, ta ɓarɓashe, ta riƙe ruwa kamar soso, ta buɗe wa iska hanya zuwa na ƙasa. Shi ya sa in ka ga fenti ya yi ƙurji kamar ƙwayar gero, abin da ke ƙarƙashi yakan kai tafin hannu.

Makonni uku na farko ba mu ga ko tartsatsi ba. Fitar da kaya muka yi: durowa, katakon daɓe, kujeru, tsummokaran da aka cusa a bango, wayoyin wuta da ke kusa da inda za a yi aiki. Ƙanwarmu ce mai littafi. Kowace ƙusa da noti sai ta saka a leda ta rubuta inda aka ciro, kowace waya sai ta ɗaura mata takarda. Sannan Kawu ya kira bakanike aka sauke injin, aka ciro tankin fetur da ke ɓoye a gabansa, aka kai shi can ƙarshen gida. Mun ce ai tankin ya shekara ashirin a bushe. Kawu ya ce, “Ku yara, tankin da ke cike wuta yake kamawa, wanda ba komai a ciki shi ne ke tashi da mutum. Tururin ne mugun, kuma ba a ganinsa.”

Sai bincike. Kayan aikinsa biyu ne, sukudireba da maganaɗisun da muka ciro daga tsohuwar lasifika. Sukudireba na soka duk inda ake zargi: ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka soka busasshen ƙosai. Maganaɗisu kuma shi ke tona asirin abin da ido bai gani. A gefen hagu, ƙasan doguwar bangon motar, fentin sumul yake, ba ƙurji ko ɗaya, amma maganaɗisu ya ƙi kamawa. Da muka kankare sai ga fila, wato liƙin nan da masu gyaran jikin mota ke shafawa, kaurinsa ya kai yatsa. A bayansa guntun kwanon rufi ne, a bayan kwanon kuma tsohuwar jarida da aka cusa don liƙin ya sami abin jingina. Wani ne ya yi wa kakanmu wannan aiki shekaru da yawa da suka wuce, ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya fi ba Kawu haushi shi ne mutumin ya toshe 'yan ramukan da kamfani ya bari a ƙasa don ruwa ya riƙa fita. Ruwan da ya shiga tun daga lokacin bai sake samun hanya ba.

Ƙanwarmu ta bi duk inda ya ruɓe ta kewaye da alli. Da ta gama, motar ta zama kamar taswirar da ake zana mana a darasin labarin ƙasa. Baba ya leƙo, ya duba, ya koma ciki bai ce uffan ba.

A nan ne shawara ta yi yawa. Kusan duk wanda ya shigo gidan sai ya ce mu sayi gwangwani biyu na fila mu shafe, mu kai wa mai fenti, a mako biyu an gama. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga mai wa'adi a wuya. Amma wannan mota jikinta da shasinta a haɗe suke da walda, abu ɗaya ne. Akwai dogayen ƙarafa biyu a ƙarƙashi kamar ƙashin baya, akwai gajeru da ke fita daga gare su zuwa gefe kamar haƙarƙari, akwai kuma dogon akwatin ƙarfe a ƙasan ƙofofi wanda Kawu ke kira dokin ƙofa. Su ke ɗauke da nauyi, a jikinsu wuraren sa jak suke. Fila kuwa ko ɗan akuya ba zai ɗauka ba. Ga shi direban wannan mota a kan tayoyin gaba yake zaune, ba inji a gabansa, tsakanin ƙafarsa da titi fallen ƙarfe ne kawai. A ganinmu wanda ya shafe ruɓaɓɓen wuri irin wannan ya sayar wa wani, ya yi ha'inci da ran mutum, ko da fentin ya fi madubi sheƙi.

Kafin a yanka komai, Kawu ya sa muka ɗora motar a kan kututture huɗu, muka daidaita ta da ma'aunin magina har ƙwayar ruwan ta tsaya tsakiya. Ya kawo ƙarafan kwana ya gicciya su a bakin kowace ƙofa, ya ɗana musu walda. Dalili shi ne in ka yanke dokin ƙofa ba ka tokare ba, jikin zai ɗan saki, ko da rabin santimita ne, kuma in ka liƙe sabon ƙarfe a haka ƙofar ba za ta ƙara rufuwa daidai ba har abada. Gefe ɗaya ake yi, a gama, sannan a taɓa ɗayan, don a riƙa auna na yankakken da na tsaye.

Ƙa'idar yanka ɗaya ce: a bi tsatsa har sai an iso ƙarfe mai haske, a ƙara ɗan yatsa, sannan a yanke. Wannan ya fi komai ciwo. Rami kamar kwabo sai ya koma kamar faranti. Akwai Asabar ɗin da muka tashi aiki ana hango ƙasa ta inda fasinja ke ajiye ƙafa, ana hango bishiya ta inda batir yake zama. Baffa ya zo wucewa ya ce, “Sannunku da aiki. Ku dai riƙa tara abin da kuke yankewa, shi ma a kilo ake saye.” Da gaske yake, kuma mun tara.

Sabon ƙarfe daga Kofar Ruwa muka samo. Fallen jikin mota siriri ne, bai fi milimita ɗaya ba, don haka rufin wata matacciyar mota muka saya, kaurinsu ɗaya. Na ƙarƙashi kuwa mai kauri muka yanko, wajen milimita biyu. Kawu ya hana kwanon rufi sam, ko da kyauta ne. An shafe shi da tutiya, in wuta ta taɓa shi wani farin hayaƙi yake fitarwa mai sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare. Madarar da wasu masu walda ke sha wai don kariya ba ta hana hayaƙin shiga huhu.

Yin faci shi ne wurin da lissafi ya yi mana rana. A ɗora kwali a kan ramin, a bi gefen da yatsa mai datti har siffar ta fito, a yanke, a gwada, a rage, a sake gwadawa. In kwalin ya zauna daram sai a kwafe shi a kan ƙarfe. Inda za a lanƙwasa sai an bar rarar da lanƙwasar za ta ci. Ba mu da injin lanƙwasa, ƙarafan kwana biyu muke matse fallen a tsakaninsu mu bi da guduma a hankali. Inda ake son kumburi kamar bayan ƙwarya, a kan kututturen da muka ɗan fafe muke bugawa. Akwai facin kusurwar baya da ya ci mana yamma uku, girmansa bai wuce littafin rubutu ba. Na tsakiyarmu ne ya fi hannu a nan, shi da ba ya son darasin zanen fasaha a makaranta, sai ga shi yana neman kamfas da kansa.

Walda iri biyu muka yi. Injin Kawu na lantarki ne mai cin sanda, shi ya dace da ƙarfe mai kauri na ƙarƙashi, kuma wannan ɓangaren Kawu ne ya yi da hannunsa, domin a nan ran motar yake. Mu namu riƙo da share ƙarfe da kankare ƙwanson da ke taruwa a kan ɗinkin. A kan siririn falle kuwa injin huda kawai yake. Kawu ya ba kowannenmu guntu ya ce mu huda da gangan, don mu ga yadda ƙarfe ke yin ja, ya yi ruwa, ya faɗa cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai injin da ake kira MIG wanda ya fi dacewa da irin wannan aiki, amma ba mu da shi. Sai Kawu ya aro kayan waldar gas wurin abokinsa mai gyaran jikin mota: tulun oksijin da tukunyar kabayid.

Wannan tukunya darasin kemistiri ce a tsaye. Ruwa na ɗiga a kan duwatsun kabayid, iskar asetilin na fita, farin ruwan da ya rage kuma ɗan uwan farar ƙasa ne. In asetilin ta ci wuta tare da oksijin zafin harshen yakan haura digiri 3,000, alhali ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500. Abu ne mai haɗari, kuma ba mu taɓa tukunyar ba ko sau ɗaya. Kawu ke zuba kabayid, shi ke kunnawa, shi ke daidaita harshen har na cikin ya zama ɗan gajere mai tsini, sannan ya miƙo. Ya hana a kusanci bakin tulun oksijin da hannu mai giris ko mai, domin maiƙo na iya kamawa da wuta da kansa in ya haɗu da oksijin mai matsi. 'Yan uwa ɗalibai, in wani ya karanta wannan ya ji sha'awa, ya nemi gwani ya tsaya a gabansa. A takarda ba a koyon wannan.

Dokokin Kawu na sutura ma ba sassauci. Tufafin auduga kawai, ba na roba ba, domin na roba narkewa suke su manne da fata. Ba silifa. Ba babbar riga mai reto. Ƙanwarmu sai ta ɗaura ɗankwalin auduga tam, ta tura bakin cikin rigar aiki. Bokitin yashi da na ruwa kullum suna kusa, kuma bayan an kashe wuta ɗayanmu zai zauna rabin awa yana sa ido, saboda tartsatsi kan ɓuya a lungu ya ci a hankali. Sai ido. Hasken waldar lantarki yana ƙona fatar ido, kuma mugun abin shi ne ba a ji a lokacin, sai cikin dare mutum ya farka kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa. Yaran maƙwabta da ke taruwa kallo sai da muka kafa musu tabarma a tsakani.

Abin da ya fi ba mu mamaki a waldar siririn ƙarfe shi ne yawancinta jira ne. In ka ɗora wuta ka ja layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, bangon motar zai murɗe kamar ganda a wuta. Wurin da ya yi zafi yana son ya buɗe, sanyayyen da ke kewaye ya hana shi, sai ya cure. In ya huce kuma ya tsuke fiye da yadda yake da, ya jawo na gefensa. Don haka ɗigo-ɗigo ake yi. Ɗigo ɗaya a nan, a tsallaka can nesa a yi wani, a dawo tsakiya. Kowane ɗigo, tun da sauran zafinsa, ɗaya ya tokare ta baya da dunƙulen ƙarfe, ɗaya ya ɗan bubbuga ta gaba, don a mayar da abin da ya tsuke. A jira ya huce har a iya ɗora hannu. A sake. Haka har ɗigon su haɗe su zama layi. Facin da bai kai tsawon hannu ba sai ya ci awa biyu. In an gama a goge, a shiga ciki da tocila a haska ta baya, wani ya tsaya a waje yana neman inda haske ke fitowa. Duk ƙofar allura da aka gani sai an koma an cike, domin ta nan ruwa zai fara.

Hunturu ya taimake mu ta wani gefen, ya cuce mu ta wani. Iskar a bushe take, ƙarfen da aka kankare yakan kwana biyu bai canza launi ba. Amma ƙura ba ta barin fenti. Inda tsatsar ta tsaya a sama ba ta ci ciki ba, buroshin waya muka sa, muka shafa ruwan maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da jan ya koma baƙi mai tauri, sannan jan fentin share fage. Cikin dokin ƙofa, inda ba mai sake gani, shi muka fi bai wa lokaci: fenti kafin a rufe, mai ta cikin rami bayan an rufe, sannan muka buɗe ramukan fitar ruwa a ƙasa kamar yadda suke tun asali. Fila ma mun yi amfani da shi daga ƙarshe, shafi ɗaya siriri a kan lafiyayyen ƙarfe don ɓoye tabon guduma, a bi da samfefa. Ko'ina ka ɗora maganaɗisu yanzu yana kamawa.

Kuɗi kuwa kullum a ƙarshensu muke. Kuɗin tara, ɗan abin da muke samu a hutu wurin taya Kawu fentin ƙofofi, da tunkiyar da Hajiya ta sayar ba ta gaya wa kowa ba sai da aka nemi tunkiya aka rasa. Akwai makonnin da wutar lantarki ba ta zo ba, ba kuma kuɗin man janareta, sai mu koma yankan kwali. Jarrabawar zango na biyu ta ɗauke mana mako uku cur. Da zafin bazara ya shigo, gajimare ya fara taruwa ta gabas, saura wurin jak ɗaya na baya da rabin daɓe.

Ruwan farko ya sauka daren wata Talata. Ranar Asabar Baffa ya zo da jak ɗinsa da sukudirebansa. An cire ƙarafan tokare, an sa tayoyin aro, an sauke ta daga kututture. Ya fara da gaba ta dama. Jak ya ciza, motar ta yi ƙara ɗaya, taya ta bar ƙasa. Ya buɗe ƙofar direba ya rufe. Ya ja ƙofar gefe ta zame ta koma. Haka ya bi kusurwa huɗu, a kowacce sai ya durƙusa ya soki ƙarfen da ƙarfinsa. A ta ƙarshe ya daɗe a ƙasa. Da ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, Kawu ya kalla, ba mu ba, ya ce, “Malam, wannan ɗinkin na wane ne?” Kawu ya nuna ƙanwarmu. Baffa ya ce, “To, madalla.” Iyakar yabon da muka samu ke nan, kuma wanda ya san Baffa ya san ba kaɗan ba ne.

Sai dai wata matsalar ta ɓullo da ba mu hango ba. Tunda an fasa sayarwa, dole a yi wa motar kuɗi, Baba ya biya sauran magada rabonsu. To wane kuɗi? Gwaggo ƙarama ta ce ai yanzu ba gwangwan ba ce, mota ce, har wani mai sha'awar tsofaffin motoci ya aiko tambaya. Wato gumin da muka yi ya ƙara wa mahaifinmu bashi. An yi zama biyu a ɗakin Hajiya ba da mu ba. Abin da aka gaya mana shi ne Baffa da kansa ya ce a tsaya a kan tayin ɗan gwangwan, tunda ƙarfe da kabayid da aiki ba daga gado suka fito ba, a ƙara da kuɗin ruɓaɓɓun guntayen da muka tara, waɗanda aka auna aka sayar aka raba. Baba zai biya kashi uku, ya riga ya ba da na farko.

Motar ba ta tashi ba tukuna. Jikinta dabbare-dabbare ne, ja a nan, toka-toka a can, mun rufe ta da tamfol mun kuma matsar da ita daga gindin darbejiya. Injin yana kan benci a shagon bakanike, ya ce sai an buɗe shi gaba ɗaya. Bututun birki duk sai an sauya, kuma Kawu ya rantse ba mai tuƙa ta ko zuwa bakin layi kafin a yi hakan. Robar gilashin gaba har yanzu ba mu samu ba, mun zagaya Kofar Ruwa sau biyu, an ce mu gwada Panteka a Kaduna ko mu aika Legas. Hajiya kuma ta riga ta kama kujerar gaba, ta ce tafiyar farko Wudil za a kai ta ranar Juma'a, ranar kasuwa. Wannan hutun, tamfol ɗin rufi za mu ɗinka, ƙanwarmu ta gama ɗaukar awo.